Wa Zai Ƙarfafa Jinga? Sharhi a Kan Wata Takardar Sanarwa

Da farko na yi niyyar in yi sharhi a kan wata waƙa ko wani littafi, kamar yadda muka saba a wannan mujalla tamu. Amma da na zauna zan rubuta, sai na ga akwai wata 'yar takarda da ta fi tsaya mini a rai fiye da duk abin da na karanta a bana. Falle ɗaya ce, layi shida, babu sunan marubuci a jikinta, kuma ba malamin da zai taɓa sa ta cikin littattafan jarrabawa. Duk da haka an karanta ta a gaban magidanta waɗanda abincinsu na shekara ya rataya a kan abin da suka fahimta daga cikinta. Saboda haka na ga ta cancanci a feɗe ta kamar yadda ake feɗe waƙa.

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne, ƙauyenmu yana yankin Auyo. Ga wanda bai san wurin ba, Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya iso wajenmu, sa'an nan ya bazu cikin fadamun da suka miƙe har Nguru. Da wannan ruwa muke noman shinkafa da alkama da tattasai, shi ne kuma yake cika kasuwar kifi ta Haɗeja. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani kamar yadda iyayenmu suka san shi, ciyawar kacala kuwa ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da aka toshe wa hanya kuma sai ya nemi wata. An yi ambaliya mai tsanani a 2018, an yi a 2020, aka sake yi a 2022, shekarar da ruwa ya kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya. A ƙasa irin wannan, kalmar "jinga", watau tudun ƙasar da ake tarawa a tare ruwa, ba wanda yake wasa da ita.

A daminar 2022 ina gida, na gama sakandare ina jiran shiga jami'a. Wata rana bayan sallar la'asar aka kawo wa mai unguwarmu takarda daga wani ofishi, shi kuma ya miƙo mini, wai ni ne ɗan boko, in karanta wa jama'a. Har yanzu takardar tana cikin akwatina. Ga abin da ta ƙunsa:

Matakan da za a ɗauka saboda ambaliya:
1. Kwashe hatsi da dabbobi zuwa kan tudu.
2. A ƙarfafa jinga da buhunan yashi.
3. Kwalekwale.
4. Za a buɗe makarantar firamare domin masu neman mafaka.
5. Tsabtar ruwan sha tana da muhimmanci.
6. An hana kwana a gidajen da ke bakin kogi.

Mai karatu zai ce, ai wannan Hausa ce sosai, ina laifinta? Gaskiya ne, in aka ɗauki kowane layi shi kaɗai, ba wanda ya karya ƙa'idar nahawu, ba kuma kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Laifin yana cikin zamansu tare. Layi shida, siga shida, ba biyun da suka yi kama da juna.

Tun a layin farko harshena ya yi tuntuɓe. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin kalmomi, amma jarida da takardar ofis ba sa nunawa, mai karatu ne yake sa wa kalma karinta da bakinsa. To, "kwashe hatsi" iri biyu ne. In umarni ake bai wa mutum ɗaya, sai a fara da karin ƙasa a hau sama. In kuwa sunan aikin kawai ake faɗa, kamar a ce "kwashe hatsi yana da wuya", sai a fara da sama a sauko ƙasa. A takarda duk ɗaya suke. Abin da yake gaya wa mai karatu wanda zai zaɓa shi ne maƙwabtan kalmar a cikin jerin. In sauran layukan duk umarni ne, ya san wannan ma umarni ne. A nan kuwa maƙwabtan kowa ya kama gabansa, don haka sai na dubi kan maganar, na ga an ce "za a ɗauka", na karanta shi a matsayin sunan aiki. Da haka layin ya fito daga bakina ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba.

Layi na biyu shi ya kawo gardama, kuma a kansa nake so in daɗe. Wannan 'yar "a" da ke gaban "ƙarfafa" ita ma fuska biyu gare ta. Akwai gajeriya mai karin ƙasa, wadda take nufin umarni ko nema, kamar yadda uba zai ce "a rufe ƙofa". Akwai kuma doguwa mai karin faɗuwa, ta lokaci na gaba na biyu, 'yar'uwar "ma gani" da "kwa ji" da "sa zo". Ita ce wadda maigidan haya yake amfani da ita in ka ce masa ɗaki yana yoyo, ya ja ta ya ce "a gyara", kai ma ka san ba yau ba, ba gobe ba. Ta farko tana cewa ku tashi. Ta biyu tana cewa ku zauna, wani zai yi wata rana. Kuma harafi ɗaya ne a takarda.

Da na gama karatu, sai Baffana ya ce, "Ɗan nan, sake karanta na biyun. Mu aka ce, ko su?"

Na ce, "Baffa, haka dai aka rubuta."

Ya ce, "Ban tambaye ka abin da aka rubuta ba, abin da aka ce nake tambaya."

Nan fa dattawa suka rabu gida biyu. Wasu suka ce tun da layi na huɗu ya ce "za a buɗe makaranta", kuma kowa ya san ba mu ke da makullin makaranta ba, to duk takardar alkawarin hukuma ce, buhuna suna nan tafe. Wasu suka ce tun da layi na shida hani ne a kanmu, to duk takardar umarni ce. Kowane ɓangare yana da hujja a cikin takardar, kuma wannan shi ne babban aibinta: ta bai wa kowa abin da zai kama. Aka yi kwana biyu ana sa ido a hanya kafin matasa suka fita da fatanya da buhunan taki da suka ƙare.

Ba zan yi wa marubucin ƙarya ba. Ba takardarsa ce ta karya jingarmu ba. Ruwan da ya zo a shekarar nan, ko da mun fara aiki tun ranar da aka kawo ta, mai yiwuwa da ya bi ta kanta. Amma kwana biyu a lokacin da kogi yake cika ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake da rumbu a kwari, kuma akwai maƙwabcinmu da ya kwashe geronsa ruwa yana kai masa gwiwa.

Layi na uku kuwa, "Kwalekwale", ko fushi ba ya sa ni, dariya yake ba ni. Kwalekwale ya yi me? A nan ne na gane cewa da Turanci aka fara tsara takardar, a wajen wani taro. Wanda ya halarci taro yana iya rubuta kalma ɗaya tak a littafinsa, domin ya tuna duk abin da aka tattauna a kanta. Kalmar tunatarwa ce gare shi. Amma mu da ba mu je taron ba, me za mu tuna? Na biyar kuma ra'ayi ne, ba mataki ba, kuma ra'ayin da ba wanda ya yi musunsa. Ba a ce a tafasa ruwa ba, ba a ce a guji rijiyar da ambaliya ta shiga ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da na koya daga baya. Kowane jeri yana da uwa, watau jimlar da ta buɗe shi, kuma kowane layi ɗanta ne, tilas ya iya zama kusa da ita su ba da magana ɗaya. Gwada ka ce, "Matakin da za a ɗauka shi ne tsabtar ruwan sha tana da muhimmanci." Kunnenka zai ƙi. Gwada, "Matakin da za a ɗauka shi ne an hana kwana." Yaya abin da za a yi nan gaba zai zama abin da an riga an yi? Hausa ma tana da nata ma'auni a cikin jikinta. Kalmar "da" sunaye take haɗawa, ba ta haɗa jimloli. Mai kifi a kasuwar Haɗeja zai ce maka yana da tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, "da" tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, domin duk jinsi ɗaya ne. Sa "da" a gaban layukan takardar nan shida ka ji inda za ta maƙale.

Na taɓa kawo wannan magana a ɗakin kwananmu, sai wani abokina ɗan ajinmu ya ce wai ƙa'idar Turawa ce nake so in ɗora wa Hausa, domin a littattafan koyon rubutun Turanci ne ake matsa wa yara su daidaita sigar abubuwan da suka jera. Ban yarda ba, har gobe kuma ban yarda ba. Turawa sun rubuta ƙa'idar a littafi, amma ba su suka fara aiki da ita a ƙasarmu ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya haddace farillan alwala a siga ɗaya, wanke kaza, wanke kaza, shafar kaza, kuma daidaiton nan shi ya sa yaro ɗan shekara bakwai yake riƙe su. Mai shela in ya fito da yamma ya isar da gaisuwar sarki, ba ya gauraya magana: kowa ya ɗaure dabbarsa, kowa ya share ƙofar gidansa, kada kowa ya kai shanu fadama. Bai taɓa jin sunan nahawu ba, amma ya san wanda yake saurarensa ba shi da takardar da zai koma ya duba, maimaita siga ita ce igiyar da yake riƙewa. Malamanmu na nazarin waƙa ma suna da suna ga irin wannan salo, suna kiransa jerin sarƙe. Abin kunyar shi ne, mun iya gano shi a baitin waƙa mu ci maki, amma in aka ba mu sanarwa mu rubuta sai mu manta.

Inda abokin nawa yake da gaskiya shi ne da ya ce magana mai siga ɗaya tana gundura. Haka ne a labari da hira. Mai ba da labari yana da 'yancin ya sauya taku, mai jawabi ma yakan jero abu uku a siga ɗaya ya karya na huɗu da gangan domin a farka. Amma wannan karyawar tana aiki ne saboda an riga an kafa sigar da za a karya. Wanda kuma ruwa yake bakin ƙofarsa ba nishaɗi ya zo nema ba.

To, sai dai kada a ɗauka cewa da zarar an daidaita siga an gama. Akwai wata cuta da ta fi wannan yaɗuwa, ita kuwa jerinta daidai yake kamar haƙoran mataji. Ina nufin irin jerin da muke gani a takardun bayan taro da takardun neman ƙuri'a: samar da kaza, inganta kaza, bunƙasa kaza, tabbatar da kaza. Tun ina yaro nake jin irinsa a kan koginmu: yashe kogi, cire kacala, gina jinga, tallafa wa manoma. Malamin Turanci zai ba wannan jeri maki cikakke, domin ba layin da ya saɓa wa ɗan'uwansa. Amma ka sake dubawa. Wa zai yashe? Yaushe? An yashe ne, ana yashewa ne, ko so ake a yashe? Ba amsa, domin an zaɓi sigar da ba ta da mai aikatawa, ba ta da lokaci. Irin wannan jeri ba ya ƙarya, tun da bai ce komai ba, kuma ana iya ɗauko na bara a sake bugawa bana ba a canja ko wasali ba.

A nan ne nake ganin Hausa ta fi matsa wa marubuci lamba. Duk wanda ya karanta nahawu ta hanyar da M. K. M. Galadanci ya shimfiɗa a littafinsa na 1976 ya san cewa, in ban da umarni ga mutum ɗaya, aikatau ba ya fita shi kaɗai a jimlar Hausa, sai da 'yar kalmar nan da ke gabansa, "ya" ko "ta" ko "mu" ko "ku" ko "suka". Sunan da aka ba ta a azuzuwanmu ya burge ni: zagin aikatau. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Haɗeja ya san zagi, shi ne yake tafe a ƙasa gaban dokin sarki, da ka hango shi ka san wanda yake zuwa. Haka wannan kalma take, ita take faɗa maka wa ya yi aikin, tare da lamirin lokaci kuma ta faɗa maka yaushe. Marubucin da ya jera aikatau babu zagi ya sako dawaki ne ba mahaya. Wanda kuma ya sa "a" da "an" da "za a" a ko'ina, ya sa zagi amma ya rufe masa fuska. Ba na cewa a daina amfani da "a", tana da wurinta, musamman wajen ladabi, inda ba a so a nuna babba da yatsa. Amma ladabin da zai bar mutane suna gardama a bakin jinga ya yi tsada.

Kada in yi ta jifan wasu, mu ma nan muna yi. Ku ɗauko rahoton taron ƙungiyarmu na kowane zango ku duba wajen shawarwari. Za ku ga "shirya muhawara", sai "a nemi ɗakin taro", sai "kuɗin mujalla", sai "sakatare zai rubuta wasiƙa". A cikin huɗun nan, ku lura, na ƙarshen ne kaɗai ake yi, domin shi kaɗai ne yake da wanda za a kama in ba a yi ba. Ni kaina a jawabin da na yi ranar karɓar sababbin ɗalibai na ce zan kawo dalilai uku, na fara da "na farko", na bi da "haka kuma", na ukun ya ɓace a cikin wata doguwar jimla, har wata ɗaliba ta tare ni a waje ta ce, "Malam, ina na ukun?" A bakin magana abin ya fi muni, domin mai sauraro ba ya ganin lamba 1, 2, 3. Sigar da ka maimaita ita ce lambarsa.

A hutun da ya wuce na ɗauko takardar nan na ce bari in gwada gyara ta. Abu na farko da na gani shi ne ba jeri ɗaya ba ne, biyu ne aka cusa a riga ɗaya. Sai na raba su. Na farko na ba shi uwa kamar haka: "Abin da muke so ku yi kafin Juma'a", ranar kuwa ni na ƙara ta, domin takardar ba ta da rana. A ƙarƙashinsa na sa: ku kwashe hatsi da dabbobi zuwa kan tudu, ku cika buhuna da yashi ku ƙarfafa jinga, ku tafasa ruwa kafin ku sha, kada ku kwana a gidajen bakin kogi. Na biyu na ce: "Abin da mu za mu yi", a ƙarƙashinsa: za mu buɗe makarantar firamare domin masu neman mafaka. Da na zo nan sai na tsaya, domin jerin "ku" ya sami layi huɗu, jerin "mu" ya sami ɗaya tal. A tsohuwar takardar wannan bai fito ba, gaurayar siga ta rufe shi.

Saura kwalekwale. Na rubuta "ku tanadi kwalekwale", ya zauna daidai. Na rubuta "za mu kawo kwalekwale", shi ma ya zauna. Na rubuta "kada ku cika wa kwalekwale mutane", wannan ma ya zauna, kuma duk wanda ya san yadda jirage suke kifewa da mutane a lokacin ambaliya ya san gargaɗi ne da ya dace. Magana uku mabambanta, ɗaya aiki ce a kanmu, ɗaya alkawari, ɗaya hani, duk suna kwance a cikin kalma guda. Wanda zai daidaita sigar wannan layi da sauran tilas ya zaɓi ɗaya, in ya zaɓa kuwa ya ɗauki nauyi, ko ya ɗora wa wani. Ina zargin cewa sau da yawa ba rashin sanin nahawu ne yake hana mu daidaita jeri ba. Taron ne ya tashi ba a yanke wanda zai yi ba, marubuci kuma ya kwafe rashin yankewar yadda take.

Na kai wa Baffa sabuwar takardar tawa, na same shi a zaure yana ɗinkin koma. Na karanta masa a hankali, jerin "ku" sa'an nan jerin "mu". Bai ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya ce, "Yanzu kam na ji. Wannan ko yaro ya ji."

Na fara jin daɗi ke nan, sai ya ciji zare ya ce, "To amma ɗan nan, buhunan fa? Su wa za su kawo?"

Na duba takardata sama da ƙasa. Babu wannan layin, ba a jerin "ku" ba, ba a jerin "mu" ba.